Coci Daga Litinin Zuwa Asabar: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sujada da Addu'ar Ranakun Aiki

Waɗannan tambayoyi ne da 'yan'uwa suke yawan kawowa, wasu a ƙofar coci bayan an tashi, wasu a hanyar gona, wasu ta waya daga wurin ci-rani. Na tattara su ne saboda ikilisiyoyinmu na Katolika da ke ƙauyukan Kano da Jigawa, inda Fada ɗaya, wato limamin cocin Katolika, yake riƙe da babban coci da rassa da dama, yana bin su a kan babur. Lokutan da na ambata na wajenmu ne. Kowane coci da nasa tsarin, don haka ka tuntuɓi katikis ɗinku, wato mai koyar da addini da ke kula da reshe a madadin Fada.

Me ake yi a coci ranar da ba Lahadi ba?

A babban coci, inda Fada yake zaune, ana yin Mas, wato babbar sujadar hadaya da ake karɓar Jikin Almasihu a cikinta, kusan kowace safiya, yawanci da ƙarfe shida, sai dai ranar da ya kwana a wani reshe ko aka kira su taro a Kano. A rassa kuwa addu'ar safe ake yi, katikis ne ke ja. Da yamma, bayan an dawo daga gona, wasu wurare suna yin Rosari, addu'ar da ake ja da carbi, kafin duhu ya rufa. Akwai ranar Zumuntar Mata Katolika, akwai ranar 'yan kwaya, akwai ranar koyar da katikisim ga yara da masu shirin baftisma. Juma'a a lokacin Azumi, wato azuminmu na kafin Ista, ana bin Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da shan wahalar Yesu.

Ba kowane reshe ke yin duka ba. Wani wurin addu'ar safe kaɗai suka riƙe, amma sun riƙe ta gam. A ganina hakan ya fi jerin tarurrukan da ake karantawa a sanarwar Lahadi, mako ya ƙare ba a yi ko ɗaya ba.

Dole ne in zo? In ban zo ba na yi zunubi?

A'a. Abin da Ikilisiya ta wajabta shi ne Lahadi da manyan idodin da aka umarta, irin su Kirsimeti, ko da ta faɗo ranar Talata. Katikis zai sanar da su tun da wuri. Sauran ranakun gayyatarka aka yi. Kada kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifin da Ikilisiya ba ta ɗora masa ba.

To tunda ba dole ba ne, me ya sa kuke ta nacewa a kai?

Saboda 'ya'yanmu. Mu a wannan yanki kaɗan ne a tsakiyar jama'a mai yawa. Da yawa daga cikinmu kakanninmu Maguzawa ne, bangaskiyar nan a wani gidan ba ta wuce kaka da ɗa da jika ba. Yaro yana tashi yana jin kiran Asuba kullum. Yana ganin maƙwabcinsu Musulmi da Azahar ya ajiye fartanya, ya ɗauki 'yar butarsa ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu a gindin bishiya ya yi sallarsa, sannan ya koma kunya. Sai yaron ya juyo gidansu, ya ga daga wannan Lahadi sai wata Lahadi ba a taruwa a kira sunan Allah. Ba sai an gaya masa komai ba, da kansa zai yanke cewa addinin gidansu na rana ɗaya ne. Ba gasa nake cewa a yi da kowa ba. Abin da nake faɗa shi ne, yaro abin da ya gani ana yi yake ɗauka da muhimmanci.

Kuma ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Markus 1:35 ya nuna mana Yesu ya tashi da asussuba, tun da sauran duhu, ya keɓe yana addu'a. Daniyel sau uku yake durƙusawa a rana, har abin ya kai shi ramin zakoki. Masu bi na farko, kamar yadda Ayyukan Manzanni 2:46 ya faɗa, kowace rana suke taruwa. A sura ta 3 ma, Bitrus da Yohanna suna kan hanyarsu ta zuwa addu'ar ƙarfe uku na rana ne suka tarar da gurgun nan a bakin ƙofar Haikali.

Kowa a nan ya san ba a shuka gero a juya baya sai ranar girbi. Akwai noman fari, akwai maimai, akwai zagayen gona da safe don a ga abin da ya kwana a cikinta. Maganar Allah da aka shuka ranar Lahadi ma haka take, cikin mako ake yi mata noma.

Fada ba ya zaune a ƙauyenmu, sai a yi makonni bai zo ba. Wace sujada za mu yi ba shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar yawancinmu. Dayosis ɗin Kano, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishof ɗinmu, wanda ya zama cikakken dayosis a 1999, ya haɗa jihohin Kano da Jigawa gaba ɗaya. Ƙasa ce mai faɗi, Fada-Fada kuma ba su kai yawan ƙauyuka ba. In muka ce sai Fada ya zo za a buɗe ƙofa, to jemagu ne za su riƙa kwana a cocin.

Akwai abubuwan da katikis ba ya yi, kuma yana da kyau kowa ya san su. Ba ya yin Mas. Ba ya sauraron furcin zunubi. Ba ya shafa wa mara lafiya mai. Waɗannan aikin Fada ne. Amma sujadar Maganar Allah tana hannunsa, ga kuma yadda take tafiya a wajenmu: a fara da alamar gicciye da waƙa ɗaya, a nemi gafara, a karanta karatun ranar da zabura da Bishara, katikis ya yi ɗan bayani, a yi roƙe-roƙe, a yi Ubanmu Wanda Ke Cikin Sama, sannan a roƙi albarka a kan kowa har da shi mai ja. Minti ashirin ya isa. Raba Jikin Almasihu kuwa, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, sai inda ake ajiye shi, kuma sai wanda aka ba izini.

Abin da nake so mutanen rassa su riƙe shi ne, karatun da Baba Katikis yake lalubawa da tocila a cocin laka, shi ne dai ake karantawa a ranar a babban cocin Uwargidanmu ta Fatima da ke birnin Kano, shi ake karantawa a Roma. Ba ƙaramar sujada kuke yi ba don kawai ba ku da yawa.

Sai maganar shi katikis ɗin. Shi ma manomi ne, yana da iyali, yana da gonar da ciyawa ba ta jiransa. Mutumin da ya riga kowa tashi ya buɗe coci, ya je gaida mara lafiya, ya tsaya a jana'iza, ya koya wa yara katikisim, bai kamata gonarsa ta zama ta ƙarshe da za a nome a ƙauye ba. Ikilisiyar da take son addu'ar safe ta ɗore, ta yi masa gayya.

Mene ne bambancin Mas na ranar aiki da na Lahadi?

Hadayar ɗaya ce, ba ragi. Tsawon ne ya bambanta. Ranar aiki karatu ɗaya ake yi kafin Bishara maimakon biyu, ba a yin Shaidar Bangaskiya sai a manyan idodi, wa'azi gajere ne, wani lokaci ma shiru kawai ake yi. Cikin rabin awa an gama.

Akwai wani daɗi da ranakun aiki suke da shi wanda mai zuwa Lahadi kaɗai ba ya samu. Ana bin littafi ne daki-daki, yau a tsaya nan, gobe a ɗora. Karatun Lahadi yana zagayowa ne a shekara 3, karatun farko na yawancin ranakun aiki kuma a shekara 2, don haka mai zuwa kullum yana jin labarai da annabawan da ba a cika kaiwa gare su ranar Lahadi ba. A ranakun aiki ne kuma ake yawan tunawa da waliyyai. Ranar 20 ga Janairu ta Mai Albarka Cyprian Tansi ce, ɗan ƙasar nan, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ɗaga darajarsa a ziyarar da ya kawo Najeriya a 1998. Ranar 8 ga Fabrairu ta Josephine Bakhita ce, 'yar Sudan da aka sace tana ƙarama aka sayar da ita baiwa. Ranar 3 ga Yuni ta shahidan Uganda ce, shi ya sa za ka ga Fada da jar riga, alamar jininsu. Ranar 27 da 28 ga Agusta kuwa, tsakiyar damina, ta Monika ce da ɗanta Agustin, mutanen ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Uwa ce da ta yi shekaru tana kuka a gaban Allah saboda ɗanta har ya dawo hanya. Iyaye mata da 'ya'yansu suka tafi birni suka daina aiko da labari, ranarku ce wannan. Mu a nan muna da wata alaƙa da Agustin, domin Bishof ɗinmu na farko, Patrick Sheehan, da John Namaza Niyiring da ya gaje shi a 2008, duk 'yan ƙungiyar Waliyyi Agustin ne.

Ƙararrawar da ake bugawa da safe da rana da yamma fa?

Ta addu'ar Mala'ikan Ubangiji ce: shida na safe, sha biyu na rana, shida na yamma. Ana tunawa da saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, da amsar da ta bayar, da zaman Kalman Allah mutum. Bugu uku-uku ake yi har sau uku, kowanne da A Gaishe Ki Maryamu guda. A lokacin Ista ana musanya ta da addu'ar Sarauniyar Sama.

A rassa da yawa ba ƙararrawar gaske ba ce. Tsohon ƙarfen tayar mota ne aka rataye da waya a reshen darbejiya, da guntun ƙarfe a maƙale a jikinsa, wurin bugun har ya yi fari don shan duka. Amma da sanyin safiya ana jin sa har fadama. In ka ji, ba sai ka taho coci ba. Tsaya inda kake, ko a kan kunya ko a bakin rijiya, ka yi ta. Ba ta kai minti uku ba.

Da damina fa? Shida na safe ai muna gona.

Gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce ka bar gona. Daren da aka yi ruwan shuka, gari na wayewa kowa sai ya ɗauki iri da sungumi. Ranar ba ranar dogon wa'azi ba ce. Manzo Bulus da kansa ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci abinci (2 Tasalonikawa 3:10).

Abin da ya dace shi ne lokacin addu'a ya bi yanayin shekara. Daga Yuni zuwa Satumba a matso da ita da wuri, gari na fara haske, a gajarta ta: Bisharar ranar, roƙo, Ubanmu, a watse. Mutane su zo da fartanyarsu su jingine a bango, daga nan sai gona. Da kaka, lokacin girbi da sussuka, yamma ta fi sauƙi. Da hunturu a ɗan jinkirta saboda tsofaffi, sanyin asuba ba ya yi musu. Masu noman rani a wajen Kura da Kadawa ko kwarin Haɗeja, su lokacin ban-ruwa ne ke juya su, su zaɓi abin da ya fi musu. Haka ranar kasuwa. Wanda zai kai dabba Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, tun da duhu zai kama hanya. Ya yi alamar gicciye ya tafi, waɗanda suka rage su sa shi a roƙo.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ce an dakatar da addu'a sai bayan damina. Abin da aka ajiye wata huɗu da wuya ya tashi. Gara minti goma da ba ta yanke ba.

Mutane da yawa kuma ba su san cewa littafin Mas yana da addu'o'i na musamman don lokacin shuka, da roƙon ruwa, da bayan girbi ba. Ku nemi Fada ya yi muku su. Ranar 15 ga Mayu ta Waliyyi Isidore ce, manomi ɗan ƙasar Sifen da ya rayu yana noma a gonar wani. Tana zuwa dab da faɗuwar damina, ta dace da kawo iri a ƙwarya a sa masa albarka.

Wata rana mu uku ne kawai. Mu yi, ko mu koma gida?

Ku yi. Matiyu 18:20 bai ce sai an cika benci ba, mutum biyu ko uku ya ambata.

Ban iya karatu ba. Me zan je in yi?

Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe cocin ƙauyukan nan ba su taɓa shiga aji ba. Mutum ɗaya ne ke karantawa, sauran ji suke yi. Tun bayan babban taron Vatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, aka buɗe hanyar yin sujada da harshen jama'a, ga shi muna yi da Hausa. Amsoshin ba su da yawa, da ji ake haddace su. Akwai tsofaffin mata a cikinmu da in mai karatu ya tsallake baiti a zabura, su ne za su gyara masa daga inda suke zaune a kan tabarma.

Zauna kusa da wanda ya iya, ka bi bakinsa. In kana da jika ɗan makaranta, sa shi ya karanta maka Bisharar ranar da dare. Kai ka ji Maganar Allah, shi kuma karatunsa na Hausa ya ƙara kyau.

Wane asiri, wato ɓangaren rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kai, ake yi a wace rana a Rosari?

Litinin da Asabar na Farin Ciki. Talata da Juma'a na Baƙin Ciki. Laraba da Lahadi na Ɗaukaka. Alhamis na Haske, waɗanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙara a 2002. Watan Mayu da na Oktoba an fi ba ta ƙarfi, a wasu ƙauyuka gida-gida ake zagayawa da ita da yamma. Wanda carbinsa ya tsinke ya ƙirga da yatsu.

Zan iya shiga da kayan aiki? Goyona kuma yana kuka.

Shigo. Ƙura a ƙafa da rigar gona ba sa hana kowa sujada, a dai rufe jiki yadda ya kamata. Mama, in yaron ya yi kuka ki ba shi nono a inda kike, in ya ƙi ki ɗan fita da shi inuwa ki dawo. Masu juyowa suna harara su ne ya kamata a yi wa magana.

Na sha koko kafin in fito. Zan iya karɓar Jikin Almasihu?

Ƙa'idar ita ce awa ɗaya ba ci ba sha kafin karɓa. Ruwa da magani ba sa karya ta. Tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu an ɗauke musu. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne halin zuciya: wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi ya fara ganin Fada. Ranakun aiki ma sun fi sauƙin hakan, ba layi, ba idon jama'a. Ka ce masa, "Fada, ina son ganinka bayan Mas," ya san abin da kake nufi.

Ina so a yi Mas saboda mahaifina da ya rasu, amma ba ni da kuɗi.

Ka zo ka faɗi sunansa. Abin da ake bayarwa taimako ne ga Fada, Mas ba ta da farashi. Dokar Ikilisiya ta yi hani ga duk abin da zai sa ta yi kama da ciniki, ta kuma ƙarfafa Fada-Fada su yi wa matalauta ko ba su kawo komai ba. Wannan magana tana taɓa ni ƙwarai, domin na san akwai gwauraye da suke ɓoye sunan mazajensu a zuci shekara da shekaru saboda kunyar zuwa hannu wofi. Kada kunya ta hana ki, Iya. Ranar 2 ga Nuwamba kuma ana yi wa dukan matattu addu'a, ki kawo sunayen naki a rubuta.

Muna da mara lafiya a gida da ba ya iya fitowa. Yaya za a yi?

Ku gaya wa katikis tun da wuri, shi zai kira Fada. Kada ku jira sai numfashi ya fara sama-sama, domin tsakanin babban coci da wasu rassa tafiya ce, da damina kuma rafi yana iya tare hanya. Shafa mai ba sallama ba ce. Yakubu 5:14 cewa ya yi mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Man nan Bishof ne yake sa masa albarka kowace shekara dab da Ista, a raba wa kowane farish, wato babban coci da rassansa. Tsoho da ƙarfinsa ya ƙare, da mai shirin shiga tiyata saboda ciwo mai tsanani, duk suna iya karɓa.

Kafin Fada ya iso, masu addu'ar safe su biya ta gidan in an tashi. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun. In jariri ne yake bakin mutuwa ba a yi masa baftisma ba, kowa yana iya yi: a zuba masa ruwa a ka ana cewa, "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki," daga baya a sanar da Fada.

Yaya ranakun aiki suke a lokacin Azumi?

Ana farawa da Laraba ta Toka. Tokar daga ganyen dabinon Lahadin Dabino ta bara ake ƙona ta, kuma kowa yana iya karɓa, har wanda bai yi baftisma ba. Wannan rana da Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu, su ne ranakun azumi na dole ga 'yan shekara 18 zuwa 59: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu. Ruwa ba a hana ba, abin godiya ne kuwa, tunda ƙarshen Azumi yakan faɗo cikin zafin bazara. Barin nama daga shekara 14 yake farawa. Na san a gidaje da yawa nama ba abincin kullum ba ne balle a ce an bar shi. Irin wannan gida su nemi abin da zai taɓa su da gaske, ko goro, ko giya, ko gulma, su kuma tuna da wanda rumbunsa ya riga ya ƙare.

Hanyar Gicciye tasha 14 ce, ana bi kowace Juma'a. Katikis yana iya ja, ba sai da Fada ba. Ranar Juma'a Mai Kyau ba a yin Mas ko'ina a duniya.

Maƙwabcina Musulmi ne, wani kuma ɗan ECWA. Za su iya shigowa?

Ƙofa a buɗe take. Su zauna, su ji, in an zo karɓar Jikin Almasihu sai su tsaya a wurinsu. Ka yi musu bayani tun kafin a shiga don kada kowa ya ji an wulaƙanta shi. 'Yan'uwanmu na ECWA da Angilikan baftisma ta haɗa mu da su, kuma ba ma mantawa cewa cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fara fitowa a 1932 ta hannun su Dokta Walter Miller na mishan ɗin Angilikan ya zo. Daga 18 zuwa 25 ga Janairu ana yin makon addu'a don haɗin kan Kiristoci, ƙauyen da yake da coci biyu ya kamata su yi shi tare.

Game da maƙwabta Musulmi, rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, suna zuwa mana ta'aziyya muna zuwa musu. Addu'ar safe ba ta buƙatar lasifika. In za a yi kwanan addu'a da ganga da waƙa, a sanar da mai unguwa tun da rana, wannan ladabi ne. A cikin roƙe-roƙenmu kuma a riƙa sa dagaci da hakimi da dukan mutanen gari, da zaman lafiyar ƙasa. Bishof-bishof na Najeriya sun tsara addu'a ta musamman don ƙasar nan tun zamanin mulkin soja a shekarun 1990, har yau ana yin ta a coci-coci da yawa.

Me ya sa babban coci yake da 'yar jar fitila, namu ba shi da ita?

Fitilar alama ce cewa Jikin Almasihu yana ajiye a wurin, shi ya sa ake durƙusawa in an shiga. Ba a ajiye shi sai inda akwai mai kula da shi, kuma Fada yana iya zuwa yin Mas aƙalla sau biyu a wata in da hali. Cocin da ake ajiye shi ana so ya kasance a buɗe wasu sa'o'i kowace rana, don mai wucewa ya shiga ya yi addu'a. In ka kawo kaya kasuwa ko ka zo asibiti a garin da babban coci yake, ka leƙa ko na minti biyar ne.

Mata da tsofaffi ne kawai ke zuwa. Ina maza?

Tambayar da ni ma nake yi ke nan. Matan nan su ne suka tashi tun da duhu suka hura wuta, suka ɗebo ruwa, amma su ne a gaba. Maigida, ɗanka namiji kai yake kallo. In ya ga addu'a aikin mata ne, ranar da ya fara jin kansa namiji zai daina zuwa. Ko sau ɗaya a mako ne, ka zaɓi rana, ka riƙo hannunsa ku zo tare.

Ina ci-rani a kudu, ba na samun zuwa ko'ina sai Lahadi.

Sa ƙararrawar wayarka shida na safe, lokacin da ake bugawa a gida. Ka yi Mala'ikan Ubangiji da Ubanmu kafin ka ɗauki baro ko ka tada babur. Ka bar sunanka wurin katikis, ana kiran sunayen matafiya a roƙo.

Reshenmu ba a yin komai cikin mako. Ta ina za mu fara?

Da abu ɗaya. Ku zaɓi safiya ko yamma, ku tsayar da lokaci, ku sanar ranar Lahadi. A san wanda mabuɗi yake hannunsa, a san mai buga ƙarfe, a kuma sami mutum na biyu da zai ja in katikis ya yi tafiya, mace ko namiji, muddin ya iya karatu kuma jama'a sun yarda da halinsa. In kullum ya yi muku yawa, ku fara da Laraba da Juma'a. Ku gaya wa Fada kafin ku fara, ku roƙe shi kalandar karatun shekara. In babu isasshiya, mai waya a cikinku ya ɗauki hoton shafin watan, ko a kwafe ayoyin mako a takarda a liƙa a bayan ƙofa.